Yadda Kwamitin Majalisa Ke Bin Sawun Kuɗin Gwamnati da Rahoton Odita Janar

A majalisun hira da ake zama bayan sallar Magariba a Zariya, ko a Tudun Wada ko a Ƙofar Doka ko a Samaru, da zarar an taɓo maganar kwalbatin da aka fara aka bari, ko ajin makarantar da aka shafa wa fenti ba a sa masa ƙofa ba, tambayar da ke biyo baya ita ce: ina ɗan majalisarmu? Galibin masu tambayar suna nufin ya zo ya ƙarasa aikin da kuɗin aljihunsa, alhali nauyin da Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora masa shi ne ya bi sawun kuɗin da aka ware, ya gano hannun da suka shiga, ya kuma matsa a dawo da su idan ba a yi aikin ba. Mafi yawan wannan aiki a ɗakunan kwamitoci ake yin sa, kan takardu, bisa wani tsari da ke da farko da ƙarshe. Na rubuta wannan bayani ne domin sabon ɗan majalisa da mataimakansa, da kuma shugabannin ƙungiyoyin ci gaban unguwa, saboda wanda ya san tsarin shi ne zai iya nuna matakin da aka tsallake.

Mataki na farko: a tantance kuɗin wa ake magana a kai

Zariya gari ne da hukumomin gwamnatoci uku suka cakuɗe a cikinsa, saboda haka kuskuren da aka fi yi shi ne kai ƙorafi majalisar da ba ta da hurumi. Jami'ar Ahmadu Bello, Asibitin Koyarwa da ke Shika da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama duk na gwamnatin tarayya ne, kuma kwamitocin Majalisar Dattawa da na Majalisar Wakilai a Abuja ne ke da ikon bincikar kuɗinsu a ƙarƙashin sashe na 88 da na 89 na Tsarin Mulki. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, da makarantu irin su Barewa da Alhudahuda na jiha ne, don haka maganarsu tana gaban Majalisar Dokokin Jihar Kaduna mai mambobi 34 da ke zama a Zauren Lugard, wadda sashe na 128 da na 129 suka ba ta irin wannan iko. Kuɗin ƙananan hukumomi 23 na jihar kuwa, har da Zariya da Sabon Gari, akwai Odita Janar na Ƙananan Hukumomi, wato babban mai binciken kuɗinsu, da ke bincika su daban.

Kasancewar ɗan majalisar da ke wakiltar Zariya a Abuja, Tajuddin Abbas, ya zama Kakakin Majalisar Wakilai a watan Yuni na 2023, bai mayar da asibitin jiha ƙarƙashin ikon kwamitocinsa ba. Akwai kuma ayyukan haɗaka, kamar ginin ajujuwan firamare da tarayya da jiha ke haɗa kuɗi su yi, ko aikin da aka ci bashin wani bankin raya ƙasa domin yin sa. A irin wannan, tambayar da za a yi ita ce wace hukuma ce ta sa hannu a kwangilar kuma daga wane asusu aka biya. Allon da ake kafawa a bakin aiki yakan ba da amsar rabin tambayar, shi ya sa ya kamata a ɗauki hotonsa tun kafin iska ko masu neman itacen girki su ɗauke shi.

Mataki na biyu: a riƙe dokar kasafin kuɗi a hannu

Sashe na 120 ya hana a cire ko kwabo daga babban asusun jiha sai da izinin doka, sashe na 121 kuma ya wajabta wa gwamna ya gabatar wa majalisa kiyasin kuɗin shiga da na kashewa na shekara mai zuwa. Idan shekara ta shigo ba a zartar da kasafin ba, sashe na 122 ya ba gwamna damar ci gaba da kashe kuɗin tafiyar da gwamnati na tsawon lokacin da bai wuce wata shida ba. Idan buƙata ta taso a tsakiyar shekara, hanyar da doka ta tanada ita ce a kawo ƙwarya-ƙwaryar kasafi majalisa ta amince. Duk binciken da zai biyo baya, awo ne da wannan doka: abin da aka kashe ya dace da abin da aka amince ko bai dace ba.

Kowane kwamiti, na ilimi ne ko na lafiya ko na ayyuka, ya kamata akawunsa ya ware shafukan ma'aikatun da ke ƙarƙashinsa, ya ja layi uku a gaban kowane aiki. Layi na farko abin da majalisa ta amince da shi, na biyu abin da baitulmali ya saki, na uku abin da ma'aikatar ta kashe. A ce, alal misali, an ware naira miliyan 60 domin gyaran wani ƙaramin asibiti, aka saki miliyan 20, aka kashe miliyan 20 ɗin. Mutanen unguwa za su ji a rediyo an ce miliyan 60, su ga aikin miliyan 20, su yanke hukunci cewa an cinye miliyan 40, alhali kuɗin ba su taɓa barin baitulmali ba. A nan tambayar kwamiti ta koma kan Ma'aikatar Kuɗi da ofishin Akanta Janar: me ya hana a saki ragowar, kuma wane aiki aka fifita a kansa? Amma idan an saki miliyan 60 cif, aka kuma rubuta an kashe su, sannan aikin miliyan 20 ne a ƙasa, to magana ta koma kan Babban Sakataren ma'aikatar, domin shi ne jami'in da dokokin kuɗi suka ɗora wa alhakin kowace naira da ta shiga ma'aikatarsa. Rarrabe waɗannan biyun yana hana a zargi mutumin kirki a banza, yana kuma hana mai laifi ya ɓuya a bayan cewa ba a saki kuɗi ba.

Samun waɗannan alkaluma ya yi sauƙi fiye da da. Tun daga 2018, lokacin da aka fara shirin Bankin Duniya da ke ba jihohi tallafi bisa sharaɗin bayyana lissafinsu, jihohi suka saba wallafa kasafinsu da rahoton aiwatar da shi na kowane wata uku a intanet. A shekarar ce kuma Jihar Kaduna ta shiga ƙawancen buɗaɗɗiyar gwamnati na duniya, wanda mambobinsa ke alƙawarin bayyana wa jama'a ayyukansu. Kwamitin da ya jira sai ƙarshen shekara kafin ya duba rahoton wata uku ya yi sake, domin a tsakiyar shekara ne ake iya gyara ɓarna kafin kuɗi su ƙare fita.

Mataki na uku: ziyarar gani da ido

Gani ya kori ji, amma ganin ma yana da ƙa'ida. Kafin kwamiti ya tashi, sai ya karɓi takardar kwangila, jerin kayan aiki da farashinsu, takardun shaidar kammala kowane zango da injiniya ya sa wa hannu, da bayanin abin da aka biya zuwa ranar. Ya zaɓi wuraren da zai je da kansa, kada ya bar ma'aikata ta zaɓa masa, domin babu mai kai baƙo ɗakin da ke yoyo. Ya kuma je da motarsa da man fetur ɗinsa. Ɗan majalisar da ma'aikata ta ɗauko, ta ciyar, ta kuma sallama da ambulan, bakinsa ya riga ya yi nauyi tun kafin a iso wurin aiki, kuma a ganina wannan ɗabi'a ta fi kowace illa kashe sa ido a majalisunmu. Gyaran tsarin mulki da aka sa wa hannu a 2018, wanda ya ba majalisun jihohi 'yancin karɓar kuɗinsu kai tsaye, ya rage uzurin da ake kawowa na rashin kuɗin fita.

Na taɓa raka irin wannan ziyara a matsayin wakilin ƙungiyar ci gaban yankinmu, zuwa wata makarantar firamare a wani ƙauye da ke wajen gari. Takarda ta ce an kammala ajujuwa biyu an zuba bencina. Muka iske gini ya sha fenti ta ɓangaren da ke kallon hanya, bencina a jere, yara a zaune tsaf. Wani dattijo cikin 'yan kwamitin, tsohon malamin makaranta, bai ce uffan ba, sai ya zagaya bayan ginin ya tarar ko filasta ba a yi ba, ya dawo ya kifa benci ɗaya. A ƙarƙashinsa akwai sunan wata makarantar daban, an rubuta da jan fenti. Ya dubi hedimasta ya ce, “Malam, yaushe waɗannan suka zo?” Hedimasta ya sunkuyar da kai ya ce, “Ranka ya daɗe, jiya bayan La'asar aka sauke su daga motar a-kori-kura, an ce gobe za a zo a kwashe.” Abin da ya sa wannan ziyara ta yi amfani shi ne akawu ya rubuta maganar nan take, aka ɗauki hoto, aka auna tsawon ajin da faɗinsa aka kwatanta da abin da ke cikin kwangila. Ziyarar da aka dawo daga ita babu rubutaccen rahoto yawon shan iska ce kawai.

Mataki na huɗu: a san yadda rahoton Odita Janar ke isowa

Shekarar kuɗi tana ƙarewa ranar 31 ga Disamba. Bayan nan Akanta Janar ya haɗa lissafin shekara ya miƙa wa Odita Janar, wato babban mai binciken kuɗi, shi kuma sashe na 125 ya ba shi kwana 90 daga ranar da ya karɓa ya gabatar da rahotonsa ga majalisa, ita kuma ta miƙa shi ga kwamitin da ke kula da asusun gwamnati. Haka tsarin yake a tarayya a ƙarƙashin sashe na 85. Abin lura shi ne kwana 90 ɗin ba sa fara ƙirguwa sai Akanta Janar ya kawo lissafi, saboda haka idan rahoto ya makara, kwamiti ya fara tambayar ranar da aka miƙa lissafin kafin ya ɗora wa Odita laifi. Rahoton da ya iso bayan shekara uku ko huɗu ihu ne bayan hari, domin jami'an sun canza wurin aiki, wasu sun yi ritaya, kamfanin da aka biya kuma ya rufe ofis.

Tsarin mulki ya yi ƙoƙarin kare wannan ofis. Gwamna ne ke naɗa Odita Janar bisa shawarar Hukumar Kula da Ma'aikatan Jiha tare da amincewar majalisa, ba a cire shi sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun nemi hakan bisa dalilin gazawa ko rashin ɗa'a, kuma ba ya karɓar umarnin kowa a cikin aikinsa. Yana da ikon ganin duk littattafai da takardun lissafi. Sai dai akwai wani giɓi da mutane da yawa ba su sani ba: hukumomi da kamfanonin gwamnati da doka ta kafa, ba shi ne ke bincika lissafinsu na shekara kai tsaye ba. Yana ba su jerin sunayen ƙwararrun masu bincike su zaɓa, ya yi sharhi kan rahoton da aka kawo, ya kuma riƙa kai musu duba lokaci-lokaci. Don haka kwamiti ya nemi jerin hukumomin da ba su miƙa lissafinsu ba, saboda hukumar da ta yi shekaru ba ta kawo lissafi ba, sunanta ba zai fito cikin masu laifi ba, ba don tsarkinta ba sai don ba a samu abin dubawa ba. A matakin tarayya ma, dokar binciken kuɗi da ake dogaro da ita ta samo asali ne tun 1956, kafin samun 'yancin kai.

Mataki na biyar: karanta rahoton da rarraba shi

Rahoton Odita littafi ne mai kauri, kuma wanda ya fara daga shafin farko zuwa na ƙarshe zai gaji kafin ya kai inda nama yake. A fara da ra'ayin da Odita ya bayar kan lissafin gaba ɗaya. Ko dai ya ce lissafin ya nuna gaskiyar halin da ake ciki, ko ya ce ya nuna amma ban da wasu wurare da ya ambata, ko ya ce bai nuna ba sam, ko kuma ya ce ba a ba shi isassun takardun da zai iya yanke hukunci ba. Na ƙarshen nan mutane kan ɗauke shi da sauƙi, alhali yana cikin mafi muni.

Daga nan sai a shiga sakin layin da ke magana kan kowace ma'aikata. Kowane sakin layi tarihi ne da shi: masu bincike sun je, sun ga matsala, sun aika takardar tuhuma, an ba ma'aikata lokaci ta amsa, ba ta amsa ba ko amsar ba ta gamsar ba, sannan maganar ta shiga rahoto. Abubuwan da suka fi maimaituwa sanannu ne. Akwai baucar biyan kuɗi da ba ta da rasit ko takardar amincewa a jikinta, akwai kuɗin da aka ba ma'aikaci domin wata hidima bai dawo da bayanin yadda ya kashe su ba, akwai harajin da aka cire daga kuɗin ɗan kwangila ba a zuba shi asusun hukumar haraji ba, akwai kuɗin shiga da aka tara a kasuwa ko tasha ko asibiti aka kashe tun kafin su isa asusun bai-ɗaya da gwamnati ke tara duk kuɗin shigarta a ciki, akwai kayan da aka saya ba su shiga littafin sito ba, akwai kafin alƙalami da aka biya ɗan kwangila ba tare da lamunin banki ba ya tafi bai dawo ba, akwai kuma albashin ma'aikatan bogi.

Shawarata ga akawun kwamiti ita ce ya kasa su kashi uku. Kashi na farko inda ake zargin kuɗi sun ɓace ko an biya aikin da ba a yi ba. Na biyu inda aka karya ƙa'ida amma ana iya nuna inda kuɗin suka tafi, kamar ɗaukar kuɗin wani aiki a yi wani ba tare da izinin majalisa ba, ko yanka babbar kwangila gunduwa-gunduwa don a kauce wa gasar neman kwangila. Na uku sakaci wajen ajiye takardu. Sannan ya ɗauko rahoton shekaru biyu ko uku da suka gabata ya duba waɗanne ma'aikatu ne ke maimaita laifi iri ɗaya. Tuhumar naira miliyan 5 da ke dawowa kowace shekara ta fi cancantar lokacin kwamiti a kan ta miliyan 50 da ta faru sau ɗaya aka gyara, domin ta farkon tana nuna akwai ƙofar da aka bari a buɗe da gangan.

Mataki na shida: wasiƙa kafin zama

Kwamiti ya rubuta wa kowane Babban Sakatare ko shugaban hukuma, ya ambaci lambar sakin layin, ya lissafa takardun da yake so, ya sa ranar da za a kawo amsa a rubuce. Amsar ta fara zuwa wurin ma'aikatan Odita su tantance ta kafin ranar zama. Da yawa daga cikin tuhumomin kashi na uku a nan suke mutuwa, kuma hakan daidai ne.

Mataki na bakwai: zaman sauraro

Al'adar wannan kwamiti daga Ingila aka gaje ta, inda majalisarsu ta kafa kwamitin asusun gwamnati a 1861, kuma a can ɗan adawa ne ke shugabantarsa. Majalisar Tarayya a Abuja ta saba bin wannan al'ada, hikimarta kuwa a fili take, tunda ɗan jam'iyya mai mulki zai ji nauyin tsananta wa gwamnatinsa. A majalisar da jam'iyya ɗaya ta mamaye kusan duk kujeru, abin da ke maye gurbin wannan kariya shi ne a yi zaman a bainar jama'a, 'yan jarida na ciki.

A ranar zama, Odita Janar ko wakilinsa yana zaune kusa da kwamiti a matsayin mai ba da haske, jami'in da ake tuhuma kuma yana fuskantar su. Sashe na 129 ya ba majalisa ikon karɓar shaida bisa rantsuwa, da aika sammaci ga kowane mutum a Najeriya ya zo ya ba da shaida ko ya kawo takarda, da bayar da takardar kamo wanda ya ƙi zuwa ba tare da uzuri karɓaɓɓe ba, wadda ɗan sanda ko wanda Kakaki ya ba izini zai aiwatar. Amma ikon yana da iyaka. Sashe na 128 ya ce ana amfani da shi ne domin yin doka ko gyara ta, da kuma fallasa cin hanci, gazawa ko almubazzaranci wajen aiwatar da dokoki da kashe kuɗin da majalisa ta ware. Bincike na musamman kuma sai an kafa shi da ƙudurin da aka buga a mujallar majalisa ko jaridar gwamnati. Kwamitin da ya fita daga wannan da'ira ya ba lauyoyi ƙofar rusa aikinsa.

Tsarin tambaya shi ne a karanta sakin layin, jami'i ya amsa, a juya ga Odita a tambaye shi ko ya ga takardar da ake magana kuma ko ta gamsar da shi, sannan kwamiti ya yanke ɗaya cikin uku: an wanke tuhumar, an tabbatar da ita, ko an ɗage zuwa rana takamaimai domin a kawo ƙarin shaida. Tambaya gajera mai neman lamba ko kwanan wata ta fi dogon jawabi amfani. Ɗan majalisar da ya kwashe minti goma yana faɗa don kyamara ta ɗauke shi, ya ba jami'in minti goma na shirya amsa.

Akwai amsoshin da duk wanda ya halarci zama biyu ko uku zai haddace. Wani zai ce, “Ranka ya daɗe, lokacin ban zo ma'aikatar ba.” Amsar kwamiti ita ce ofis ake tambaya, takardun ofis kuma suna hannunsa, wanda ya riƙe ofishin kafin shi ma ana iya kiransa ko da ya yi ritaya. Wani zai ce ruwan sama ya lalata baucocin ko gara ta cinye su, sai a tambaye shi rahoton da ya rubuta a lokacin da abin ya faru, a kuma nemi bayanin banki, tunda gara ba ta cin lissafin da ke kwamfutar banki. Wani zai shigo da kwali uku na takardu a safiyar zama, yana fatan yawansu ya sa a gaji a wuce. A karɓa, a ƙirga, a miƙa wa ma'aikatan Odita, a sa masa wata rana. Wani kuma zai ce umarni ne daga sama, sai a nemi umarnin a rubuce, domin dokokin kuɗi sun tanadi cewa jami'in da aka matsa masa ya yi abin da ya saɓa ƙa'ida ya rubuta rashin amincewarsa. Kwamiti ya kuma kula kada a mayar da maganar kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, a miƙa masa ƙaramin kashiya a ce shi ne mai laifi, alhali sa hannu uku ne a jikin baucar.

Wajibi ne duk wanda sunansa zai fito a rahoto a gayyace shi a saurare shi, a kuma ajiye shaidar cewa gayyatar ta isa hannunsa. Abin da ya faru a jiharmu ya isa misali. A watan Afrilu na 2024 Majalisar Dokokin Kaduna ta kafa kwamitin wucin gadi mai mambobi 13 domin ya binciki basussuka da kwangilolin gwamnatin da ta yi mulki daga 2015 zuwa 2023, a watan Yuni kuma kwamitin ya miƙa rahoto yana ba da shawarar hukumomin yaƙi da cin hanci su binciki tsohon gwamna Malam Nasiru El-Rufa'i da wasu jami'ansa. Shi kuma ya musanta zargin, ya garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Kaduna yana cewa ba a ba shi damar kare kansa ba. Ko wane ɓangare mutum yake goyon baya, darasin ga akawun kwamiti shi ne hujjar farko da lauya zai nema ita ce ta rashin sauraro.

Mataki na takwas: rahoto zuwa zauren majalisa

Kwamiti ba kotu ba ne, ba ya ɗaure kowa. Abin da yake yi shi ne ya rubuta shawarwari, shugabansa ya gabatar a zaure, majalisa ta yi muhawara ta amince, Akawun Majalisa ya aika wa ɓangaren zartarwa. Ƙarfin shawara yana cikin ƙayyadewarta. Jimlar da ta ce ma'aikata ta riƙa bin ƙa'ida ba ta ɗaure kowa. Wadda ke aiki ita ce mai cewa jami'i kaza ya mayar da adadi kaza cikin asusun jiha a cikin kwana kaza, ya kawo rasit ga Odita Janar, idan ya gaza a riƙa cirewa daga albashinsa, Shugaban Ma'aikata ya ɗauki matakin ladabtarwa, a hana kamfani kaza kwangila, a kuma miƙa batu kaza ga EFCC ko ICPC. Inda matsalar ta samo asali daga giɓin doka, kwamiti ya haɗa da daftarin gyara.

Mataki na tara: bibiya

A nan ne mafi yawan aikin ke mutuwa, bayan an kashe fitilun kyamara. Kwamiti ya buɗe rajista mai ɗauke da kowace shawara, wanda aka ɗora wa, wa'adin da aka sa, da halin da ake ciki, ya kuma nemi Odita ya sa babi a rahotonsa na gaba kan shawarwarin da aka aiwatar da waɗanda aka yi watsi da su. Makamin da ya fi kaifi a hannun majalisa shi ne lokacin kare kasafi a ƙarshen shekara, sa'ad da kowane kwamishina zai zo neman kuɗin baɗi. Idan kwamitin asusu ya raba wa sauran kwamitoci jerin tuhumomin da ba a warware ba, to kwamitin lafiya ko na ayyuka zai iya cewa ba zai duba sabuwar buƙata ba sai an kawo rasit ɗin mayar da kuɗin bara. Rajistar nan ta zauna a hannun ma'aikatan majalisa, domin 'yan majalisa na canzawa duk shekara huɗu, akawu kuwa yana nan.

Mazaunin Zariya yana da hanyar shiga wannan mataki. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar takarda, kuma a watan Afrilu na 2025 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa dokar ta shafi jihohi. Ƙungiyar unguwa za ta iya neman kwafin kwangila da bayanin abin da aka biya, ta haɗa da hotuna masu kwanan wata, ta rubuta takardar koke da ba ta wuce shafi biyu ba, mai ɗauke da sunan aikin kamar yadda yake a kasafi, shekararsa, adadin da aka ware, abin da ke ƙasa a yau, da abin da ake roƙon majalisa ta yi. A guji zagi da kiran wani ɓarawo, a bar takardu su yi magana. A miƙa ta ta hannun ɗan majalisar mazaɓa, na Zariya Birni ne ko Kewaye ko Sabon Gari ko Basawa, domin ya gabatar da ita a zaure, sannan mutum biyu su hau mota a Kwangila su kai kwafi ofishin Akawun Majalisa da na Odita Janar a Kaduna, su tabbatar an buga musu hatimin karɓa a kan nasu kwafin. Bayan mako huɗu a koma da kwafin nan mai hatimi a tambayi wane kwamiti aka miƙa wa koken da ranar da aka sa domin sauraronsa.